Ƙwaya Uku Bayan Haihuwa: Nazarin Aikin Jami'a da Garuruwa Biyar a Kewayen Zariya

Yadda lamarin yake kafin 2009

Wannan nazari ne na aikin da Jami'ar Ahmadu Bello ta yi a 2009, na kai ƙwayar misoprostol ga masu haihuwa a gida don rigakafin zubar jini bayan haihuwa. Garuruwan da aikin ya shafa guda biyar ne a kewayen Zariya, jihar Kaduna. Wasu ƙauyukan manoma ne, wasu kuma unguwanni ne da birni ya fara cimmawa. Dukkansu suna cikin yankin da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yake karɓar marasa lafiya, amma a ɗaki mata ke haihuwa. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2008 ya nuna mata 545 ne ke rasuwa a cikin kowace haihuwa 100,000 a Najeriya, kuma a shiyyar Arewa maso Yamma masu haihuwa a asibiti ba su kai ɗaya cikin goma ba.

Wanda ya san ƙasar Hausa ya san yadda haihuwar gida take. Mace takan ɓoye naƙuda saboda kunya, musamman a cikin fari, wanda galibi a gidan iyaye ake haifarsa bayan an tafi goyon ciki. Sau da yawa ba a aika wa ungozoma sai jariri ya faɗo, ta zo ta yanke cibiya, ta binne mabiyiya, ta wanke uwa da ɗa. Jinin da ke biyo baya kuwa ana ɗaukarsa jinin biƙi ne, datti ne da ya kamata ya fita, har wasu tsofaffi kan damu idan suka ga bai zuba da yawa ba.

A nan haɗarin yake. A ƙarshen ciki, jinin da ke bi ta mahaifa a cikin minti ɗaya ya kai rabin lita ko fiye. Da mabiyiya ta rabu da jikin mahaifa, hanyoyin jinin da suke ciyar da ita sai su kasance a buɗe, kuma ba abin da ke toshe su sai mahaifar ta tsuke ta matse su da kanta. Idan ta saki ta ƙi tsukewa, jini zai yi ta kwarara. Wannan sakin mahaifa shi ne sanadin mafi yawan zubar jini bayan haihuwa. Sauran kuma daga yagewa ne, ko maƙalewar mabiyiya ko wani yanki nata, ko rashin daskarewar jini. Likitoci na kiran abin zubar jini idan ya kai mililita 500 cikin awa 24, mai tsanani idan ya kai 1,000. Macen da ba a kai wa ɗauki ba tana iya cikawa cikin awa biyu, wadda kuma dama take da ƙarancin jini ba ta ma jure hakan.

Asarar ba ta tsayawa a kan uwa. Jaririn da ya rasa nono a kwanakin farko yakan koma kan madarar gwangwani ko kunu da ruwan da ba a tafasa ba, gudawa ta biyo baya, kuma da yawa irinsu ba sa kai shekara. Yayyensa kuma a rarraba su gidajen dangi, ta fari ta bar makaranta ta koma raino.

Abin da aka daɗe ana gwadawa

Shawara ta farko ita ce a je asibiti a haihu. Shawara ce mai kyau, kuma shekara da shekaru ana yinta a rediyo da wajen awo, amma ba ta sauya inda mata ke durƙusawa ba. Akwai kuɗin mota da na kayan haihuwa, akwai izinin maigida wanda wataƙila yana gona ko ya tafi cin rani, akwai ƙananan asibitocin da ke rufewa kafin magariba alhali naƙuda ta fi zuwa da dare, akwai kuma gudun a tarar da ma'aikaci namiji.

An kuma gwada tantance masu haɗari a wajen awo, a ce wance ta haihu a asibiti, wance za ta iya haihuwa a gida. Wannan yana da amfani ga hawan jini da kwanciyar jariri, amma bai kama zubar jini ba, domin mafi yawan matan da suka zubar da jini ba su nuna wata alama ba tun suna da ciki.

Horar da ungozomomi shi ma tsohon aiki ne. Daga shekarun 1970 zuwa 1980 ƙasashe da dama sun koya musu wanke hannu da sabulu, da yanke cibiya da sabuwar reza, da ɗaure ta da zare mai tsabta. Hakan ya taimaka wajen tsabta, sai dai ba a ba su komai a hannu na tsayar da jini ba. Da aka ga mutuwar iyaye mata ba ta ragu ba, sai hukumomin lafiya na duniya suka juya musu baya a ƙarshen shekarun 1990, suka ce a dogara ga ƙwararrun ma'aikata. Ƙwararrun kuwa ba su isa ƙauye ba.

Maganin da ya fi kowanne shi ne allurar oxytocin, yunit 10 da zarar jariri ya fito. Tana buƙatar sirinji da hannun da ya iya allura, kuma ana so a ajiye ta a sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8. A garin da ba wuta ba firji, zafin Maris da Afrilu yana rage mata ƙarfi tun kafin a buɗe kwalbar.

2006 zuwa 2008: magani ya samu, hanyarsa ba ta samu ba

Misoprostol ƙwaya ce da aka fara yi don gyambon ciki, daga baya aka gane tana sa mahaifa ta tsuke. Kowace ƙwaya maikurogiram 200 ce, haɗiya ake yi, ba ta son firji, kuma ba ta da tsada. A 2006 hukumar NAFDAC ta yi mata rajista domin zubar jini bayan haihuwa, Najeriya ce ƙasa ta farko da ta yi haka. A shekarar ce kuma aka fitar da sakamakon wani gwaji a Belgaum ta Indiya a kan mata 1,620 da suka haihu a karkara: zubar jini ya sauka daga kashi 12 cikin 100 a waɗanda ba su sha ba zuwa kashi 6.4 a waɗanda suka sha ƙwaya uku.

Rajistar ba ta kai maganin ɗakin mai naƙuda ba, saboda tsoro iri biyu. Na farko na likitoci ne, kuma yana da tushe: idan aka sha ƙwaya uku jariri na ciki, mahaifa na iya murɗawa da ƙarfin da zai kashe ɗan ko ya fasa ta. Na biyu na hukuma da malamai ne, domin ana iya amfani da ƙwayar wajen zubar da ciki. Ga kuma abin da jama'a ba su manta ba: gwajin maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau a Kano a 1996, da dakatar da rigakafin shan inna a 2003 bisa zargin yana hana haihuwa. Duk wanda zai shiga gari da ƙwaya don masu ciki, kuma da Turawan Amurka a cikin tafiyar, ya san tambayar da za a fara yi masa.

A wannan tsakanin ne Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Kalifoniya reshen Berkeley suke gudanar da wani haɗin gwiwa kan lafiyar haihuwa, inda likitoci da malaman jami'a ke barin asibiti su shiga ƙauyukan kewayen Zariya suna bincike gida-gida. Cikin waɗanda suka jagoranci aikin misoprostol akwai Clara Ejembi ta sashen lafiyar al'umma da Oladapo Shittu na sashen haihuwa da cututtukan mata, duka a Zariya, da Ndola Prata daga Berkeley. Tambayar da suka sa a gaba ita ce ko mutanen gari da kansu za su iya ajiye maganin, su raba shi, a sha shi daidai, ba tare da ma'aikacin asibiti a wurin ba.

Kafin a raba ƙwaya ko ɗaya

Da zama aka fara. An yi jerin tattaunawa da shugabannin garuruwan da wasu zaɓaɓɓun mutane, aka faɗa musu abin da ke kashe mata, da abin da ƙwayar ke yi, da abin da ba ta yi. Daga nan aka fitar da ma'aikata kashi uku daga cikin garin: masu wayar da kai 29, ungozomomi 41, da masu ajiyar magani 27.

Raba aikin gida uku yana da dalili. Masu wayar da kai su ne ke bin gidaje da dandali, su gano masu ciki, su yi magana da su da mazajensu. Ungozoma ita ce ke shiga ɗakin da ba mai shiga, kuma maganarta ce suruka ke saurara. Mai ajiya kuwa shi ne ke riƙe da maganin da lissafinsa, ta yadda kowace ƙwaya da ta fita an san cikin da ta fita dominsa. Wannan lissafi shi ne amsar tsoron hukuma, kuma shi ne ya ba jami'a abin da za ta nuna daga baya.

Sai batun awon jini. Ba a ce wa tsohuwa "mililita 500" ta gane, kuma ido yana rage yawan jinin da ya zuba, har idon ma'aikacin asibiti. Abin da aka yi amfani da shi wajen koyarwa shi ne moɗa, wadda ake ɗiban ruwa da ita a randa, domin cikinta ya yi daidai da rabin lita. Kowace mace ta san nauyin moɗa a hannunta. Idan aka cika ta da ruwa aka juye a kan zane a gaban mata, kowa zai ga iyakar da jini ya daina zama na biƙi ya zama na haɗari.

An isar da saƙon ta wasan kwaikwayo da tarukan faɗakarwa da kaset, an kuma rubuta shi a jikin hijabi da ɗankwali na mata, da buta ta maza. Saƙon bai canza ba a ko'ina: haihuwa a asibiti ta fi; idan a gida aka haihu, a sha ƙwaya uku da zarar jariri ya fito; idan jini bai tsaya ba, a tafi asibiti.

Janairu zuwa Disamba 2009: yadda ƙwaya ke isa ɗaki

An yi wa mata masu ciki 1,875 rajista a cikin watanni goma sha biyun. A watannin ƙarshe na ciki ake karɓar maganin daga mai ajiya. Ana barin ƙwayoyin a cikin takardarsu ta dalma har lokacin sha, domin laima na lalata misoprostol. Wanda aka ɓare aka ƙulle a gefen zane ko aka zuba a leda ba a dogara da shi, musamman da damina.

Tsarin shan yana da ɗan gajeren lokaci, kuma kuskure a cikinsa yana da tsada. Jariri ya fito, a share shi a ɗora shi a ƙirjin uwa a rufe su. Sai ungozoma ko wadda ke wurin ta ɗora tafin hannu a kan cikin ta lalluba, ta tabbatar babu na biyu. Wannan lallubawa ba ta da madadi a wurin da mata da yawa ba su taɓa yin hoton ciki ba, domin idan tagwaye ne aka ba da ƙwaya bayan Hassan, Husaini ne zai shiga uku. Idan ciki ya zama fanko, mai jego ta haɗiye ƙwaya uku gaba ɗaya da ruwa, maikurogiram 600 ke nan, ba tare da jiran mabiyiya ba. Ba a jan cibiya da ƙarfi. Bayan mabiyiya ta faɗo a duba ko ta fito cikakkiya, a murza mara har a ji mahaifa ta yi tauri a ƙasan cibiya, a sa jariri a nono, a kuma sa uwar ta yi fitsari, domin cikakkiyar mafitsara tana hana mahaifa tsukewa.

Abin da ya fi tayar wa 'yan gida hankali shi ne rawar ɗari. Mintuna kaɗan bayan shan ƙwayar mace na iya fara karkarwa, haƙora na haɗuwa, jiki ya yi zafi. Wanda ba a gaya masa ba zai zaci jijjiga ce ko iska, labari ya bazu cewa maganin ne ya kusa kashe wance. Shi ya sa tun da ciki ake faɗa wa mace da mijinta da surukarta cewa hakan na faruwa, a lulluɓe ta, idan zazzaɓi ne a goga mata tsumma mai ɗumi-ɗumi, kuma yana wucewa da kansa cikin 'yan awanni.

Alamun da ke cewa a nemi mota nan take su ne jinin da ya wuce moɗa, ko zane ya jiƙe sharkaf aka canza wani ya sake jiƙewa, ko mabiyiya ta ƙi fitowa har awa guda, ko mai jego ta fara jiri da gumi mai sanyi da ƙishirwa, zuciyarta na bugawa da sauri. Bayan haihuwa kuma masu bincike kan koma gidan su tambayi matar: ina ta haihu, wa ke wurin, ta sha ko ba ta sha ba, guda nawa, kuma a wane lokaci.

Abin da aka samu

An kammala hira da mata 1,577 bayan sun haihu. Kashi 95 cikin 100 a gida suka haihu, kuma kashi 7 ne kacal suka samu ƙwararren ma'aikaci a kansu. Saƙon zubar jini da misoprostol ya isa ga kashi 88. Da aka tambaye su wa ya fi kowa sanar da su, kashi 41 suka ce ungozoma, kashi 31 suka ce masu wayar da kai. Kashi 79 na matan sun samu kariyar maganin. Idan aka ware waɗanda suka haihu a gida kaɗai, kashi 83 ne.

Shekara guda ana nanata cewa asibiti ya fi, amma haihuwar gida ba ta gusa ba. Kusan mace ɗaya cikin biyar ba ta sha maganin ba, kuma mata kusan 300 da aka yi wa rajista ba su shiga lissafin hirar ƙarshe ba.

2010 zuwa gaba

Ba a daɗe da kammala aikin ba Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta amince da ƙa'idojin amfani da misoprostol a matakin al'umma. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna don rigakafin zubar jini, a 2012 kuma ta yarda ma'aikatan sa-kai na gari su ba da shi inda babu ƙwararre kuma babu oxytocin. A 2013 jihar Sakkwato ta fara raba shi ta hannun masu ajiyar magani na gari, ta haɗa shi da man chlorhexidine da ake shafa wa cibiyar jariri a madadin toka da man goge baki da gashi da tsumma mai zafi. Da haka ziyara ɗaya ta ɗauki uwa da ɗa. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙara matsawa, ta amince a ba mai ciki ƙwayoyin tun kafin naƙuda ta ajiye da kanta, a wuraren da ake haihuwa ba ƙwararre, da sharaɗin ana bibiya.

Batun awon jini shi ma ya sake tasowa, a asibiti wannan karon. Gwajin E-MOTIVE da aka fitar a 2023, wanda Jami'ar Birmingham ta Ingila ta jagoranta tare da jami'o'in Afirka har da Jami'ar Bayero ta Kano ƙarƙashin Farfesa Hadiza Galadanci, ya yi amfani da ledar tara jini mai ma'auni da haɗa magunguna a lokaci guda a asibitoci kusan 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu. Zubar jini mai tsanani da abin da ke biyo bayansa ya ragu da kashi 60 cikin 100.

Hukunci

Abin da ya yi aiki a garuruwan nan biyar ba sabon magani ba ne, domin shekara uku yana da rajista kafin a fara. Jami'a ta yarda da inda mata ke haihuwa a zahiri, ta kai maganin can, ta kuma mayar da ungozoma cikin aiki bayan an yi shekaru ana ganin ba ta da amfani. Kashi 41 ɗin nan shi ne adadi mafi nauyi a duk sakamakon. Ya nuna horon da ya gaza a da bai gaza don ungozoma ba ta ji ba, ya gaza ne don an tura ta ɗakin jini hannu rabbana. Abin da jami'a ta kawo wanda gari ba shi da shi kuwa shi ne rubutu: rajista, lissafin ƙwaya, komawa gida-gida. Ba don wannan ba, da ma'aikatar lafiya ba ta da abin da za ta riƙa ta amsa wa masu tsoro.

Ya kamata kuma a san iyakar abin da aka tabbatar. Aikin ya nuna ana iya kai maganin kuma mata za su sha. Bai ƙidaya rayukan da aka ceta ba, domin babu garuruwan da aka bari ba magani don a gwada, kuma a ma'aunin ƙasa na 2008 mata kusan goma ne ake tsammanin rasawa cikin haihuwa 1,875 daga dukkan sanadai, adadin da ya yi ƙanƙanta a ga bambanci a cikinsa. Hujjar cewa ƙwayar na rage jini daga gwaje-gwaje irin na Belgaum ta fito. Masu aikin da kansu sun ce sa hannun jama'a matsakaici ne: an zauna da su, sun ba da mutane, sun yi aikin, amma tambayar da tsarin daga jami'a suka zo. Wannan yana da illa ranar da kuɗin bincike ya ƙare, domin mai ajiya ba shi da amfani idan ba mai cika masa akwati, ba mai duba ranar lalacewar maganin, ba mai horar da wadda za ta gaji ungozomar da ta tsufa.

Babban gibin shi ne macen da ta sha ƙwaya uku daidai amma jini bai tsaya ba. A Belgaum ma shida cikin ɗari ne irinta. Misoprostol ba ya ɗinke yagewa, ba ya ciro mabiyiyar da ta manne, ba ya mayar da jinin da ya riga ya zuba. Wannan mata tana buƙatar izinin tafiya da maigida ya bayar tun ciki na wata bakwai, ko yana nan ko ba ya nan, da direban da aka san lambarsa kuma aka yi yarjejeniyar kuɗin mai da shi, da dangi biyu da aka san rukunin jininsu, da asibitin da ke buɗe da ƙarfe biyun dare da ma'aikaci a ciki. Duk jami'ar da za ta maimaita wannan aiki a wani gari, waɗannan huɗun ya kamata ta sa a teburin zaman farko da dagaci da liman, tare da sunan wanda zai ci gaba da sayen maganin bayan masu bincike sun tafi.